Tukunyar Dafi da Maigida Ya Rubuta wa Suna

Maigidana mai haɗa dafin kibiya ne a Boɗinga, a shekarun da maharba da mayaƙa ke layi a ƙofarmu. Tun kakanninsa, jan tsumma ake ɗaura wa tukunyar dafi a wuya, har yaron goye ya san ba a taɓa ta. Sai ya je Sifawa ya koyi rubutu da furfurarsa. Wanda ya koyi abu da tsufa kuwa ba ya barin kowa ya huta. Ya rubuta wa turmi suna, ya rubuta wa akurki, jaki ma don ya ƙi tsayawa ne. Daga nan ya kwance tsumman, wai aikin jahiliyya ne, ya zana wa tukunyar kalmar dafi da tawada, da kyau kamar allon zayyana.

Ana haka uwarsa ta zo daga Shagari da ciwon gwiwa. Inna ba ta san bihim ba, amma ta yarda duk abin da alƙalami ya taɓa waraka ne. Dafi kuma kafin ya yi kauri baƙin ruwa ne, sak wankin allo.

Ina surfe da hantsi na hango ta a rumfar aikinsa, ta ɗaga tukunyar da hannu biyu, tana bismilla. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban san lokacin da na isa ba. Na kaɗe tukunyar, hannuna ya sauka a kuncinta.

“Ɗiyag ga, mi niy yi miki?” in ji ta. “Rubutun ɗana na, shi kika yi min rowa?”

Na ce, “Inna, dafi na, kashe ki za shi yi.”

“Ke dai baƙin ciki. Wa ka rubuta ma dafi suna?”

Maigida ya rantse mata, ta ce tsorona yake ji. Da la'asar na ga tsumman ya koma wuyan sabuwar tukunya.

Inna ba ta yafe mini ba. Ta koma Shagari, duk suna da biki sai ta nuna wa mata kuncin da na mara, ta yi mini tas. Ta daɗe tana yi, har ta ga tattaɓa-kunne. Ranar da aka aiko ta rasu, na zauna gindin turmi na yi ta kuka, don ba zan ƙara jin zagin nan ba.