Ƙudan da Ya Sauka a Dawar Baba

Ranar Asabar na bar Gumel na je gida, ƙauyenmu da ke gefen Maigatari, na tarar da Baba a gona yana kallon zangarniyar dawa. Dawar tana tsakiyar fure. Wasu 'yan ƙudaje jajaye, ba su kai sauro ba, suna ta shawagi a kanta. Abincinmu na shekara ke nan tsaye a gonar.

Ya ce, "Gobe zan sa a yi feshi."

Ni kuwa mai takardar digiri, bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Baba, ku dakata. Ba kowane ƙwaro ake kashewa ba, wani ma taimakon amfanin gona yake. Bari in tura wa abokina hoto, malamin gona ne."

Ya dube ni, ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau tana damuna.

Ɗaukar hoton ta zame mini jaraba. In na matso su watse, in na ja baya su zama ɗigo. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun ɓace. Ga sabis, da na ɗaga waya sai ta kama layin Nijar. Sai da na hau tudu hotuna biyu suka tafi.

Da yamma amsa ta zo: "Ƙwaron bai fito ba. Ina son ganin fiffiken."

Lahadi na sake gwada ɗaukar hoton, Litinin na ƙi komawa aiki. Kullum da safe ƙudajen sun fi na jiya yawa, amma girman kai ya hana ni janye maganata. Baba bai ƙara ambaton feshi ba, ido kawai yake bi na da shi.

Ranar Laraba hoto ɗaya ya fito tar. Abokina bai tsaya rubutu ba, kira ya yi. "Ƙudan furen dawa ne. A cikin furen yake ƙwai, tsutsar ta cinye ƙwayar. Ku fesa yanzu! Furen bai zube ba dai ko?"

Na duba. Ya zube.

Da kaka Baba ya karyo zangarniya, ya murza a tafinsa, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, ƙwaya huɗu ko biyar suka rage. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Me ka ce sunan ƙwaron nan?"

Na faɗa masa. Ya maimaita a hankali, ya karkaɗe hannunsa.

"To, madalla. Aƙalla mun san sunansa."