Sunan da Inna Hajo ta kasa faɗa

Har gobe ban manta ranar da na kusa ɓatar da ɗan mutane da birona ba. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da aikin jin daɗin jama'a a jami'a, ina bincike kan iyalan 'yan cin rani a ƙasarmu ta Kurfai. Tsarin shi ne mu bi gida gida da takardar tambayoyi. Wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, mu rubuta sunansa, a miƙa wa masu neman ɓatattu a Agadas.

A wata ruga kusa da Bonkuku na tarar da wata dattijuwa, Inna Hajo. Na ce, "Inna, akwai naku da ya tafi?"

Ta ce, "Akwai wani."

"Sunansa fa?"

Sai ta sunkuyar da kai tana gyara faifan kan ƙwarya. Sau uku ina tambaya. Ni kuwa rana ta dake ni, ga digiri yana hura mini kai, na rubuta "ta ƙi amsawa", na tashi abina.

Ranar kasuwar Filinge muna ɗaure takardu, mota za ta wuce da su bayan azahar, sai ga Inna Hajo da maƙwabciyarta, sun sha hanya. Maƙwabciyar ba ta ko gama gaisuwa ba ta ce, "Haba malama! Ke ba ɗiyar ƙasag ga ba ce? Ɗan fari nata na. Da wane baki za ta kira shi?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "waccan" take ce mini. Na san wannan tun ina rarrafe, amma da na riƙe takarda sai na manta.

Maƙwabciyar ta faɗi sunan, Umaru, da tabon da ke goshinsa. Inna Hajo ta juya mana baya tana kallon bango har na gama rubutu.

Bayan wata huɗu aka same shi a Agadas, ciwo ya kwantar da shi, kunyar dawowa hannu wofi ta hana shi aiko da saƙo. Na raka shi gida. Uwar ba ta ko dube shi ba. Ta shige bukka, muna jin kukanta, can ta fito da fura ta ce mini, "Malama, ba baƙon naki ya sha."

Shi ya sa, ku ɗalibaina, nake takura muku. In kun tambaya aka yi shiru, kada ku rubuta komai tukuna. Ku nemo wanda aka yarda ya faɗa. Layi ɗaya na cika da gaggawa, saura kaɗan Umaru ya mutu a garin da ba wanda ya san uwarsa.