Tsakuwoyin Mai Awaki

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, na yi aiki a sashen binciken tsirrai na wata jami'a a nan Madina. Kada ku ɗauka wani babba ne ni. Ni ne mai wanke kwalabe, mai rubuta lamba a jikin leda, kuma in za a fita daji ni ne jakin tawaga.

Daktan da nake ƙarƙashinsa ya samo tallafi daga wata gidauniya don a gano abin da ke busar da itatuwan ar'ar a kan wani dogon dutse da ke yamma da gari. Kafin sanyi ya shigo muka hau, muka kafa abin awon ruwan sama a can ƙoli. Ba wani abin a zo a gani ba ne, mazurari ne a bakin babbar jarka, muka tokare ta da duwatsu. Sai bayan wata biyar za mu koma mu auna abin da ya taru. Da wannan awon za a rubuta rahoto, da rahoton za a sabunta tallafi, kuma a cikin tallafin aikina yake. Ga shi an riga an sa mini ranar aure.

Ranar da za mu koma, mahaifiyata ta same ni a tsakar gidanmu na unguwar Harra ta Gabas ina ɗaure wasu takalma masu nauyin turmi. Ta kalle su, ta kalle ni.

"Ya waladi, wai har biyan ku ake ku hau dutse? Kakanka da ƙafa ya tako daga Kano, ko silifa babu, ba wanda ya ba shi tallafi."

Na amsa mata da Larabci, kamar kullum. Ina jin Hausa sarai, amma tun ina makaranta na daina yin ta, saboda dariyar da yara suke yi mini. Ita kuwa ba ta taɓa fasawa ba, ta yi mini Hausa in mayar da Larabci, har ta gaji da ƙorafi.

Mu huɗu muka hau: dakta, wani abokin aikinsa, ɗan jagora daga ƙauyen gindin dutsen, sai ni da kaya. Tun bayan asuba muke hawa, wani wurin sai da igiya a ƙugu. Ni da nake cika baki a mota, kafin hantsi na fara lissafin zunubaina. Sai bayan azahar muka kai ƙoli.

Dakta ya riga mu isa wurin jarkar. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya. Babu ko ɗigo.

Ba ta fashe ba, ba ta faɗi ba, an ma mayar da mazurarin daidai yadda muka sa shi. Ga kashin awaki ko'ina. Dakta ya zauna a kan dutse ya cire tabarau. Ni kuwa aurena na gani yana gangarawa ƙasa.

Ɗan jagoran ne ya hango mai laifin a bayan wani ar'ar, ya taso shi. Dattijo ne siriri, da rawani da sanda, da wata tsohuwar buta ta roba rataye a kafaɗa. Dakta ya hau shi da faɗa, yana nuna jarka. Mutumin ba ya jin Larabci sai kaɗan. Da ya ga rigunanmu iri ɗaya, ya ɗauka hukuma ce, ya shiga lalube aljihu yana neman iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar. A nan na ji ya ce a hankali, "Wayyo Allah, yau na shiga uku."

Na daɗe ban ji abin da ya buge ni kamar wannan ba. Na san in na buɗe baki, mutanen da nake ɓoye wa harshen gidanmu za su ji. Na kuma san in na yi shiru, babu mai jin wannan bawan Allah. Na ajiye kaya na matsa.

"Sannu Baba. Kwantar da hankalinka, mu ba 'yan sanda ba ne."

Ya zuba mini ido. "Kai ɗan wa na? Hausa kaka ji?"

Na ce ina ji. Hausata tana fita a karkace kamar tsohuwar ƙofa, amma tana fita. Ya ce shi mutumin Tawa ne, daga Nijar, yana yi wa wani Balarabe kiwon awaki. Ramin da yake ɗibar ruwa ya ƙafe, saukowa ƙasa kuma yini guda ne. Shi ya sa duk ranar da aka yi ruwa sai ya hau ya juye jarkar a salkarsa, ya sha, ya yi alwala.

Na fassara. Dakta ya juya baya. Sai dattijon ya kama hannuna.

"Ɗana, ka ce mishi ban ci amana ba. Ruwan mutane na, na sani. Taho ka gani."

Ya kai mu wani tsagin dutse inda iska ba ta shiga. A ciki ga tsakuwoyi an jera su tsibi-tsibi, kowane tsibi daban, guda bakwai. Ya ce kowane tsibi ruwa ɗaya ne, kowace tsakuwa buta ɗaya. Da butar yake aunawa kafin ya juye, rabin buta kuma ya sa fasasshiyar tsakuwa. Na tambaye shi dalili.

"Don ran da mai shi ya zo in gaya mishi abin da na ɗauka, ya yahe mini da sani."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wannan Juma'ar farko ta Rajab. Wannan kwana biyu kafin azumi. Wannan babban, ranar da akuyarsa ta haifi biyu, goma ga Shawwal, sai da ya juye sau biyu don jarkar ta kusa cika.

Ban gama fassara ba dakta ya mayar da tabarau, ya durƙusa. Ya karɓi butar, muka cika ta da ruwan shanmu muka auna a kwalbar awo, sau uku. Ni nake tambaya, ni nake fassarawa, ni nake rubutawa. Can dakta ya ɗago ya ce da an bar jarkar yadda muka tsara, da ta cika ta zube tun a Shawwal, kuma jimilla kawai za mu samu. Yanzu ga kowane ruwa da ranarsa.

Ya ce in tambayi dattijon me yake so. Na tambaya.

"Ka ce ya yahe."

Dakta ya rungume shi. An sabunta tallafin, dattijon ya zama mai lura da jarkar a hukumance, ni kuma aka ɗaura aurena a ranar da aka sa.

Har yau in na tuna, ina jin alfahari, kuma ba na ɓoyewa. Ba hawan dutsen ba, don wannan da kyar na sha. Abin da nake alfahari da shi shi ne mutum huɗu muka hau da takardu da kayan awo, amma abin da ya ceci aikin shi ne gaskiyar wani makiyayi da harshen da na yi shekaru ina jin kunyarsa.

Da na dawo gida, ƙafafu duk sun kumbura, mahaifiyata ta tambaye ni yadda aka yi. Na zauna na ba ta labarin tun daga farko har ƙarshe, da Hausa. Ba ta katse ni ba, ko gyara ɗaya ba ta yi mini ba, alhali na san na yi ɓarna. Da na gama ta share ido da bakin mayafi, ta tura mini kwanon tuwo.

"Shekara ashirin ina nemanka a cikin gidan nan," in ji ta. "Ashe kana kan dutse."