Mangwaron da Ya Cinye Lambun Iya

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ta yi masa magana ido da ido ba. Ɗan farinta ne, kuma a ƙauyenmu na kusa da Wurma kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In ya shigo gida, ita sai ta juya ta kama tsince gero. In tana son ya ji wani abu, sai ta faɗa wa tukunya, ko akuya, ko mu jikoki. Har yau in na tuna abin da kunyar nan ta jawo, raina ɓaci yake yi.

Tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta, gefen rijiya. Taku goma sha biyu ne tsawonsa, faɗin bai kai haka ba. Akwai yakuwa, kuɓewa, barkono, albasa, ga lalle a jikin darni. Tun rasuwar kakanmu ba ta taɓa aika kowa roƙon kayan miya ba, da wannan take tinƙaho.

Ina da kamar shekara tara, wata damina, Baba ya je kasuwar Dutsin-Ma ya dawo da dashen mangwaro ɗaure a bayan keke. Wurin ma'aikatan gona ya samo shi, irin mai aure, wanda ake yanko reshen mai daɗi a ɗaura a kan gindin wani har su haɗe. Da bakinsa ya ba da labari a tsakar gida. Wai malamin gona ya nuna masa guda biyu, ya ce 'ya'yansu iri ɗaya ne, gindi ne ya bambanta. Ɗaya an ɗora shi a kan gindin da ba ya tsawo, ɗayan kuwa a kan gindin mangwaron gida, mai tashi ya wuce kowane rufi. Da malamin ya ji girman wurin, sai ya ce a ɗauki gajeren.

"Ni in taka keke har Dutsin-Ma in dawo da wada?" in ji Baba yana dariya. "Na ce Malam, miƙo babban. Itacen da ba ya inuwa ai sanda ne."

Kuma saboda ban ruwa, gefen rijiya zai dasa shi da safe. Wato a bakin lambun Iya.

Duk a kunnenta aka yi. Ta tura Gwaggo Hansai, ƙanwarsa, ta yi masa magana, ya ce mata ina ita ina sanin itace. Innata kuwa ta ce ba ta shiga tsakanin uwa da ɗa. Sai Iya ta koma ga abin da ya rage mata.

Bayan sallar isha muka taru a rumfarta kamar kullum, ta hura wuta, ta jera masara a kan garwashi. Baba yana bayan zana a kan buzunsa yana cin tuwo. Iya ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan, ga ta nanku. Mai kunne ya ji, ko yana nesa."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wani mutum ne mai gida ƙarami kamar faifai. Ya taya wata tsohuwa ɗaukar kaya a daji, ta ba shi zaɓi tsakanin ƙwallaye biyu. Ɗaya in ya tsiro, tsawonsa iya kafaɗar mutum yake tsayawa, ko yaro ya tsinka. Ɗayan ba ya tsayawa sai ya gaisa da gajimare. Tsohuwa ta ce, "Ɗana, auna gidanka tukuna." Ya ce gidansa ba ruwanta, ya ɗauki na gajimare. Itace ya tashi, inuwa ta kashe duk abin da ke ƙasa, saiwa ta shanye rijiya. 'Ya'ya suka nuna can sama inda ko gora ba ta kaiwa, jemagu suka yi ta biki.

"Kullum da safe in ya fito," in ji Iya tana juya masara, "sai jemage ya sako masa ƙwallo, ƙwal, a tsakar ka. Ya shafa wurin, ya ɗaga kai, ya ce kai, amma itacen nan nawa ya yi albarka!"

Sai muka ji dariya daga bayan zana, har da ƙwarewa.

"Kai, wannan mutum da wauta yake!" in ji Baba. "Yara, ku riƙe wannan, da hikima a ciki."

Ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya haɗiye abu. Na ce, "Baba, ai da kai ake."

Ban rufe baki ba na ji ranƙwashi. Iya ce, ita da nake tare wa faɗa.

"Wa ya aike ki, uwar iyayi? Ƙurunƙus. Tatsuniya ta ƙare, kowa ya ɗauki masararsa ya ba ni wuri."

Da gari ya waye aka dasa.

Duk damina sai ta sake yi mana tatsuniyar nan, mutumin yana ƙara wauta, jemagu suna ƙara yawa, Baba yana ƙara dariya. Itace kuwa yana aikinsa. Barkono ya fara daina 'ya'ya. Yakuwa ta riƙa miƙewa siririya tana neman rana har ta kwanta. Saiwa ta fasa bakin rijiya. Kafin a yi shekara bakwai, lalle kaɗai ya rage. Ranar da Iya ta fara miƙo mini ƙoƙo in je maƙwabta a san mata kuɓewa, bango take kallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Baba yana son uwarsa. Mangwaron farko da ya nuna, ita ya aika wa. Da ta buɗe baki sau ɗaya ta ce masa ɗana, lambuna ne, da hannunsa zai tuge dashen nan. Har ta rasu bai san abin da ya yi mata ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a auna wuri kafin a zaɓi gindi. Gaskiya ne, amma wannan ko malamin gona ya faɗa. Sai da na girma na gane cewa tatsuniya tana shiga kunnen kowa, ban da wanda aka yi ta dominsa.

Ni ma na riƙe al'ada, shekara arba'in ban kira sunan ɗan farina ba. Sai ranar da na je gidan da ya gina a Dutsin-Ma, tsakar gidan bai fi tabarma huɗu ba, na iske shi yana haƙa rami, ga dashen tuffa a gefe. Na tambayi matarsa a kan wane gindi aka ɗora shi, gajere ko dogo. Ta ce ya dai zaɓi wanda ya fi girma.

Na ce, "Garba!"

Matar ta saki ludayi. Shi kuma ya miƙe da fartanya a hannu yana kallona.

"Inna, ashe kin san sunana?"

Na ce, "Ina nan aka raɗa shi. Ajiye fartanyar nan, ka mayar da abin nan a ba ka gajeren tun mai sayarwa bai tashi ba."