Ranar Da Na Ɗaure Kaya Zan Fitar Da 'Yata Daga Asibiti

Shekarun baya, lokacin ina goyon fari, na kusa tafka wata wauta wadda har yau ban manta da ita ba. Abin ya wuce, shi ya sa zan iya ba ku labarin hankali kwance.

'Yata tana da wata goma sha biyar na gane ina da wani cikin. Kun san yadda ake cewa a wajenmu, wai nonon mai ciki cuta ne ga yaro. Rana ɗaya aka yaye ta, aka kai ta wurin mahaifiyata a ƙauyenmu, can gaba da Dungas. Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, abincin gida daga kunu sai tuwo da miyar kuka. Yarinya ta yi ta zawo har ta rame. Da na koma ganinta bayan wata biyu sai na tarar kumatu sun ciko, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul. Na ce, "Inna, ashe hannunki na da albarka, ga yarinya ta yi ƙiba!" Mahaifiyata ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙibar da ba ci, ba wasa, ni ban yarda da ita ba."

Ita ta matsa muka hau kabu-kabu zuwa likitar Dungas, wato ƙaramin asibitin garin. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ta, ya ce tamowa ce mai kumburi, sai an kai ta asibitin yara na Magarya. Ya yi bayani mai tsawo, amma ni tun da na ji kalmar tamowa kunnena ya toshe don kunya. 'Yata, ni da na yi lakwal, karatun boko har aji uku na kolej, ita ce da ciwon yunwa?

A Magarya aka ba mu gado cikin wani dogon ɗaki cike da mata, wasu daga Danciyau, wasu daga Kwaya, wasu ma daga ƙetaren iyaka. Saboda cikina ya fara nauyi aka bar mahaifiyata tana taya ni jinya. Aka sa wa yarinya siririn tiyo ta hanci, ana ba ta wata madara tsararo, 'yar kaɗan, bisa agogo. Aka ja mana kunne cewa kada a ba ta komai daga waje, ko kunu ko fura. Kullum da safe a ɗora ta a kan ma'auni, a rubuta kilonta a takardar da ke rataye jikin gado.

To nan ne karatuna ya tashi. Ban bari kowa a ɗakin ya manta cewa na yi lakwal ba. Ni ce mai karanta wa maƙwabta takardunsu: "Naki ya ƙaru, ki gode Allah. Ke ma naki ya ƙaru." In na dawo kan tamu kuwa sai in ga kilo ya ragu. Washegari ya sake raguwa. Kumatun nan suka zube, haƙarƙari ya fito, fatar cinyarta ta yi yaushi kamar tsohuwar jaka. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Amma in tambaya? Ni da ake tambaya? Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne.

Rana ta biyar na kira mijina a waya, na ce ya zo da babur, yunwa ake kashe mana 'ya da ita. Bawan Allah ya ce, "Ke kika ga takarda, ke kika sani." Da azahar ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaure kayanmu cikin zane, ina neman yadda zan zare tiyon nan daga hancinta, sai ga mahaifiyata ta shigo daga wajen wanki.

Ta ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Gida, Inna. Kullum kilonta raguwa yake, ni na karanta da idona. Gara in kai ta gida in dama mata fura ta sha ta ƙoshi."

Ta ajiye bokiti, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Sannu malama. Ke kina kallon takarda, ni ina kallon yarinya. Ranar da muka zo, idonta na buɗewa? Jiya ƙuda ya sauka a bakinta, ta kore shi da hannunta. Wata biyu tana wurina, ban taɓa ganin ta kori ƙuda ba."

Na ce ƙuda ba kilo ba ne. Sai ta zauna daram a kan ƙullin kayan, ta ce in zan tafi sai dai in ɗauke ta tare da su. Ta ɗaga murya ta kira ma'aikaciyar jinyar da ke kula da layinmu: "'Yar nan, zo ki ji abin da mai karatunku ke faɗi."

Matar ta zo, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sai ta kama babban yatsana ta danna shi a kan ƙafar 'yata, ta ce in ɗaga. Wurin ya ɗan lotsa, sannan ya dawo. Ta ce, "Ranar da kuka zo, ramin nan zama yake yi ba ya komawa. Abin da kike kira ƙiba ruwa ne, maman yarinya, kuma shi ke fita yanzu. Mu kullum da safe fatanmu kilon nan ya sauka tukuna. Cikinta da zuciyarta sun gaji, in kika ɗura mata fura yau ba za su iya ɗauka ba." Sannan ta ce, "Me ya hana ki tambaye ni?"

Inna ta tashi daga kan ƙullin. Na kwance kayan a gaban matan da nake karanta wa takardu, mijina ya koma gida shi kaɗai.

Bayan kwana biyu aka cire tiyon, yarinya ta fara sha da kofi. Aka sauya mata madara mai kauri, daga baya aka ƙara da wani kwaɓin gyaɗa na cikin leda da ake ba yara masu tamowa. Ranar da ta shanye kofinta ta fashe da kuka tana miƙa hannu a ƙara, ni ma kukan na yi, na daɗi. Daga nan kilo ya kama hawa a hankali. Sati uku muka yi aka sallame mu, muka ci gaba da zuwa awo Dungas duk mako. Kafin mu fito ma'aikaciyar jinyar nan ta faɗa mini cewa nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, in ana ci ana ƙoshi. Wannan karon na buɗe kunne na ji.

Yau yarinyar ta kusa kamo ni a tsawo, ba ta tuna komai daga wancan zama. Ni kuwa na koyi tambaya, ko da zan ji kunya a gaban mutane. Abin da bai bar ni ba shi ne wannan: ba mugunta ta sa na ɗaure kayan nan ba, so ne tsantsa. Da Inna ta daɗe a wajen wanki, da na kai 'yata gida na dama mata fura da hannuna, da kuma yau ina nan ina ba ku labarin yadda asibiti ya kashe mini 'ya.