Boaz Mai Yankan Gora

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da lasifikar ƙungiyar kiɗan gora ta garinmu, Munda, ban taɓa ambatar sunan Boaz Tutikera a gaban jama'a ba. Na ambaci makaɗa, na ambaci fasto, na taɓa ambatar wani baƙo don kawai ya sa kwat. Yanzu da hannun Boaz ya fara rawa, ya rataye zarto ba tare da magaji ba, sai ga ni da alƙalami. Ihu bayan hari ke nan.

Da sassafe yakan tura kwalekwalensa zuwa inda gora ke da kauri. Ba ya sara sai wata ya ragu, wai a lokacin ƙwari ba sa cin ta. Ya jiƙa ta mako biyu a ruwan teku, ya shanya a inuwa, sannan ya zauna yana rage tsawon kowace kaɗan-kaɗan, ya buga mata tafin hannu, ya kasa kunne. Akan ɗaure gorar a jere, makaɗi ya hau kai yana dukan bakunansu da silifa. In kiɗa ya yi daɗi, makaɗi ne gwani. In ya ɓaci, gorar Boaz ce.

Shekarar da aka fara gayyatarmu wasa a Honiara, babban birnin ƙasarmu, mutanen gari suka sayar da kwakwa suka sa mu a jirgin ruwa. Jeriel, shugaban ƙungiya, ya ce ba za mu kunyata su da tsoffin silifa masu ramin diddige ba. Ya sayo sababbi fil, jajaye, ya bar tsoffin a gida. Saura awa uku a fara muka gwada. Sautin ya fito kamar ana marin kifi a kan dutse.

"Kawu, gorarka ta sha iskar jirgi," in ji Jeriel.

Boaz ya karɓi silifa ɗaya, ya lanƙwasa ta, ta ƙi. "Gorata lafiyarta ƙalau. Wannan ce ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Me za ta faɗa wa mutane?"

"To da wane ido za mu koma gida?"

"Zuba su a buhu. Kai kuma mai lasifika, tunda bakinka na hutu, ɗauko buhun."

Kasuwa muka nufa. Boaz na tafe yana duban ƙafafun mutane, har wata mai kifi ta tsargu.

"Baba, mata kake nema ne?"

"Ina da ɗaya, ta ishe ni. Silifarki nake so, ga sabuwa."

"Sabuwa a bakin tsohuwa? Mene ne aibinta?"

"Sabuntar."

Kowace ya karɓa sai ya lanƙwasa ta, ya buga a tafin hannu. Da yawa ya mayar. Ni ma na miƙa nawa, ya ce mai su ba ya tafiya.

Da la'asar aka fara. Tsohuwar roba ta rufe bakin gora ruf, sautin ya riƙa dukan ƙirji kafin ya kai kunne. Wata tsohuwa ta jingine sandarta ta shiga fili. Matan kasuwa sun cika sahun gaba cikin jajayen silifa, kowace na nuna dandamali tana cewa waccan tata ce. Sau uku aka hana mu sauka. Boaz na bayan dandamali, zarto a cinya, ko wata gora za ta tsage. Ni kuma na gode wa Jeriel a lasifika saboda hangen nesansa.

Kai ne kunnen da ke bayan tafi, Kawu Boaz. Kai ka san daɗin wasa na farawa tun daga dajin gora, wani lokaci ma daga ƙafar mai kifi. Mun gode, ko da a makare. Matasan Munda, yana nan zaune a gida, kunnensa garau. Ku je ku koya tun yana da ƙarfin yi muku faɗa.

Ranar Asabar da ta wuce ƙungiya ta yi wasanta na farko da bututan roba irin na famfo a maimakon gora, waɗanda aka yanko da ma'auni daga shago. Tafin bai ragu ba.