Takalmin Ɗaki na Gwaggo Yalwa

Duk wanda ya san Gwaggo Yalwa a unguwar Kalley, a kan ƙafa ya san ta. 'Yar Tawa ce, aure ya kawo ta Yamai. Ta yi shekaru tana sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin kasuwar Katako, amma sana'arta ta gaske zumunci ce. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, ba ta aike. Cewa take zumunta a ƙafa take.

Sai tansiyo, wato hawan jini, ta buge ta, ɓarin jiki ya shanye. Hannu ya dawo, baki ya dawo, ƙafar hagu ce ta ƙi. Tafin ya saki, yatsu na jan ƙasa, in ta ɗan yi tafiya ciwo ya hau daga ƙwauri har ƙugu. A wurin gashin ƙashi, wanda ake ce wa kine, wani saurayi Natanayel, ɗan Dogon Dutsi, ya auna ta, aka yi mata atel, wata roba mai tauri da ke tallabe dunduniya da idon sawu, ana zura ta cikin takalmi. Ya koya mata miƙa agara da tashi daga kujera ba dafawa. Ciwo ya lafa, ta koma yawonta.

Ba a jima ba ta faɗi a tsakiyar ɗakin makoki, gaban mata, aka ɗaga ta ana ta sannu. Tun ranar ta kulle kanta a gida. Ga kuma Halimatou, 'yar marigayi ƙanenta, ta haihu a Harobanda, ƙetaren kogi, babu wata babba ta wajen uba sai ita.

Ɗanta ya kai ta wurin Natanayel dole.

"Inna, robar ce ta karye?" in ji Natanayel.

"Lafiyarta lau. Ai tana bakin ƙofa lokacin."

"Bakin ƙofa?"

"To da a ina? Kai ɗan nan, a gidanku da takalmi ake taka tabarmar mutane?"

Ya yi dariya har da dafa bango. Ashe duk ɗakin da ta je, zama take a dokin ƙofa ta kwance takalmi da roba gaba ɗaya, ta shiga da ƙafar da ba ta ɗaguwa. Gefen tabarma ne ya kama mata yatsu.

"Inna, mai tabarau yana cirewa a ƙofa?"

"Tabarau ba ya taka kashin awaki."

Nan ya ga ta fi shi gaskiya. Can ya ce ta samo sabon takalmi wanda ba zai taɓa taka titi ba, ta riƙa ɗaukarsa a jaka. A ƙofa ta sauya, robar kuwa ta bar ta a ƙafa.

"Za a ce na tsufa ba tarbiyya."

"Ki ce ni na sa ki."

"Wa ya san ka?"

Ranar suna taksi ya ƙetare gada da ita. A ƙofar mai jego ta zauna ta sauya, sannan ta ɗaga ƙafa ta nuna wa mata ƙasan takalmin, fari tas.

"Ku duba da kyau, kada wata ta yi da ni a bayan ido."

"Shigo, baiwar Allah," in ji wata tsohuwa. "Mu da muka cire namu, ƙafafunmu ba su kai shi tsabta ba."

Ta taka tabarma. Taku ɗaya, wani takun, a hankali. Yatsu ba su kama ba. Halimatou ta ce a kawo wa Gwaggo kujera, Gwaggo ta ce a bari tukuna, ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar a tsaye.